Littafin Girman Ilze

Ƙamus ɗin hanya ɗaya yake bi, daga Turanci zuwa harshen Latbiya. Idan Adawiyya tana son sanin ma'anar kalma, sai ta yi hasashenta da Hausa, ta juya ta zuwa Turanci, ta buɗe shafin, ta duba ko ta dace. Sau da yawa ba ta dacewa.

Kwana huɗu ke nan da aka dawo da mahaifinta, Injiniya Jafaru, daga asibiti. Hawan jini ya shanye masa ɓarin dama, ya kuma tafi da Hausarsa da Turancinsa. Abin da ya rage a bakinsa shi ne harshen Riga ta ƙasar Latbiya, birnin da ya yi karatun gyaran jirgin sama shekara ashirin da suka wuce. Duk faɗin Daura babu mai jin ko kalma ɗaya.

Idan ta shigo da kunu, sai ya zuba mata ido ya ce, "Ilze." Ya huta, ya sake cewa, "Ilze... izaugusi."

Abu ɗaya take so kafin Allah ya karɓi abinsa: ya gane ta, ya kira ta ko sau ɗaya ne.

A akwatinsa na ƙarfe ta samo ƙamus ɗin. A ƙarƙashinsa akwai ƙaramin littafi mai koren bango, da rubutun hannu siriri wanda ba nasa ba. An rubuta Ilze a bangon. Ciki kwanan wata ne jere, da lambobin kilo da na santimita, kullum suna ƙaruwa. Ta taɓa raka ƙawarta awon jariri, don haka ta gane abin da ake aunawa.

Ta fara da kalmomin girma. Nauyi, svars. Tsayi, augums. Haƙori, zobs, ga shi a wata na bakwai. Taku, solis, a wata na goma sha ɗaya, an ja masa layi biyu. 'Ya mace, meita. Wannan ta ƙarshen ta ɗauke ta tun daga azahar har la'asar.

Ashe Baba yana da 'ya a can. Ta duba shekarar da ke shafin farko, ta ga tsararta ce. Wato yana Riga da wata, Inna tana nan tana jira. A shekara biyu da wata ɗaya rubutun ya tsaya, sauran shafukan farare.

Ta ɓoye littafin a ƙarƙashin darduma. Inna, Hajiya Nana, ba ta cancanci wannan ba. Mace ce da unguwa ke yi wa tsiya saboda ba ta kunyar 'yar fari. "Adawiyya! Adawiyya!" take kira da ƙarfi tun daga madafi, har maƙwabciyarsu Maiturare ta leƙo ta katanga.

"Hajiya, ko kunya babu? Wa ke kama sunan 'yar fari haka kamar mai tallan goro?"

"Ita kaɗai gare ni, Maiturare. In ban kira ta ba, ke zan kira?"

Yanzu kuwa duk lokacin da ya ce Ilze, sai Inna ta miƙe ta fita tsakar gida. Adawiyya ta bi ta ranar Talata.

"Ruwa yake nufi, Inna. Na duba a ƙamus."

Inna ta ci gaba da tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

Adawiyya ta je gidan waya da adireshin da ta gani a bangon bayan littafin. Ma'aikacin ya juya takardar, ya ce ƙasar da ke rubuce a ƙasan adireshin ta wargaje tuntuni, kuma ko wasiƙar ta isa, amsa sai bayan wata biyu. Likita kuwa ya ce mako biyu ya rage wa Baba, in an yi sa'a.

A kwana na takwas ta gano tushen kalma ta biyu da yake faɗa, izaugusi. Izaugt, girma, zama babba. Ta zauna a bakin gadon, ta riƙe hannunsa mai rai.

"Baba, ni ce Adawiyya. Na san kana tambaya ko ta girma. Ban san inda take ba. Wallahi da na sani, da na kawo maka ita."

Hawaye ya gangaro ta gefen idonsa. Ya matse yatsunta. "Ilze," ya ce.

"Ba ita ba ce, Baba. Ni ce."

Haka suka yi ta yi. Yana kira, tana gyara masa. Wani lokaci ta goge masa baki kawai, ta fita ta yi kukanta a bayan rumbu. Sau ɗaya ta yi niyyar amsawa don ta faranta masa, sai ta ga ba za ta iya yi wa mai jiran mutuwa ƙarya ba.

Ya cika ranar Juma'a da hantsi, a kwana na goma sha ɗaya. Kafin a sauko daga masallaci an kai shi.

Bayan addu'ar bakwai, da mata suka watse, ta ɗauko littafin ta ajiye a gaban Inna. Ta gaji da ɗaukarsa ita kaɗai.

"Ki yafe masa, Inna. Yana da 'ya a can. Ita ya yi ta nema har ya tafi, ni ko sau ɗaya bai kira ni ba."

Inna ba ta taɓa littafin ba.

"Ya sa ni rantsuwa da Alƙur'ani ba zan faɗa ba muddin yana numfashi," ta ce. "Shi ya sa nake fita. Ina jin yana kira, ina jin kina ce masa a'a." Ta ja gefen mayafinta ta rufe baki. "Da wannan sunan ya sauko da ke daga jirgi a Kano, kina da shekara biyu, ya miƙa mini ke."