Akwatin da Shigeo Yake Kashewa

Shekara talatin ke nan Shigeo ba ya kwanciya sai ya zagaya gida ya rufe gas, ya zare kowace waya daga bango, ban da ta firji. Tun girgizar ƙasar da ta jawo gobara a layinsu ya ɗauki wannan ɗabi'a.

"Wata rana ni ma za ka zare ni," in ji matarsa Tomie.

"Ke ai ba ki da makunni, da tuni na huta da surutu."

Da hutun bazara 'yarsu Natsumi ta zo daga birnin Sendai. Hawan jinin uwar ya dame ta, don haka ta sa aka kafa ɗan akwatin intanet a falo, ta rataya wa Tomie maɓalli a wuya.

"Mama, in kin faɗi ki danna. Wayata za ta yi ƙara, motar asibiti ta zo."

Shigeo ya nuna akwatin. "Wannan mai ƙifta ido fa, mene ne aikinsa?"

"Baba, bayanin da tsawo, ba za ka gane ba. Jirgi zai tafi ya bar ni."

Daga ranar akwatin ya shiga sahun abin da ake zarewa. Da safe, in ya tashi dafa shayi, sai ya mayar.

Wata Talata aikin share wurin tara sharar unguwa ya faɗo kansa. Ya fita tun biyar bai mayar da komai ba. Da ya dawo ƙarfe bakwai ya tarar da Tomie yashe a ƙofar banɗaki, bakinta ya karkace, yatsanta na kan maɓallin.

A asibiti likita ya ce da an kawo ta da wuri, da ba ta rasa magana da ɓarin jikinta ba.

"Wayata ba ta yi ƙara ba!" Natsumi tana kuka. "Baba, akwatin yana kunne?"

"Na zare shi. Amma abin wuyan ban taɓa ba."

"Ai ta akwatin yake aika saƙo!"

"Ta ina? Shi yana falo, ita tana banɗaki. Na duba, babu wayar da ta haɗa su." Ya dubi likita, ya dubi 'yarsa. "To ni ne ke nan? Ko akwatin ne?"



Yanzu Shigeo ba ya zare komai. Yakan tsaya gaban bango yana kallon wayoyin, bai san wacce ce ke riƙe da ran mutum ba.

Matasa, mu daina yaudarar kanmu! Sayen na'ura ba shi ne kula da iyaye ba. In ka kafa musu abu, zauna ka faɗa musu aikinsa da abin da zai faru in an kashe shi. Minti biyar Natsumi ta hana mahaifinta, yau mahaifiyarta ba ta iya kiran sunanta.