Kukan da Darakta Ya Nema

Tun safe ake maimaita ɗaukar wata fitowa a fim, hawaye sun ƙi zubo wa jarumar. Darakta, wanda bikinsa da ita ya kusa, ya matso ya raɗa mata: "Na fasa aurenki."

Ya ce a ɗauka. Ta yi kukan da ya sa mai kyamara sunkuyar da kai.

Da aka tashi, ya same ta gaban madubi tana goge kwalli.

"Wallahi ƙarya na yi miki, don fim ɗin ne."

Ta daɗe tana kallonsa ta madubin.

"Ya yi kyau?"

Ya gyaɗa kai, kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"To ka riƙe shi. Shi ka zaɓa."

Ta zare zoben da ya ba ta, ta ajiye.