Birki a Dajin Jajayen Itatuwa

"Ni za a ba wasan yara?" in ji tsohon, yana hararar kujerar tuƙin da ke gaban babban allo a asibitin.

'Yarsa, mai sarin wanduna a garin Xintang, ce ta kawo shi birnin Guangzhou daga Maraɗi bayan shanyewar ɓarin jiki ta kashe masa ƙafar dama. Rabin rayuwarsa direban tirela ne. Yanzu ko motsa jiki ya ƙi yi, kullum sai a mayar da shi gida.

"Baba, don Allah, sau ɗaya kawai."

Aka zaunar da shi. Wata ma'aikaciya ta ɗora masa ƙafar da ta shanye kan birki, ta kunna na'urar. Sai ga shi a allon, cikin motar tsere mai ba kanta wuta, a wani daji na bakin teku. Itatuwan jajaye ne, tsofaffi, kaurin kowanne ya fi ɗaki, ba a hango ƙarshensu. Ya kama sitiyari da hagu, ya sha kwana, ya sake shan wata, har ya fara murmushi.

Kwatsam barewa ta faɗo titi da ɗanta. Motar ta tsaya cak.

"Wa ya tsayar da ita?"

'Yar ta durƙusa, hannu a baki. Ya bi idonta da kallo. Ƙafarsa tana rawa, amma ta danne birkin har ƙasa.

Ya gyara riƙon sitiyarin, ya dubi 'yarsa.

"Gaya mata ta sake kunnawa."