Ragon Sunan da Ba a Yanka Ba

To, shugaban ƙungiya, na ji abin da kuka yanke: ƙofar gari za a fara ginawa, maganar tura 'yan mata makarantar ungozoma kuma sai baɗi. Madalla. Gyara zama, ɗana, in ba ka labarin wani manomi, don ni na san inda "sai baɗi" take kai mutum.

Manomin nan ba raggo ba ne, kar ma ka ɗauka. Mutum ne mai tanadi, rumbunsa bai taɓa ganin ƙasa ba. Ungozoma ɗaya ce tak a ƙauyensu, wata tsohuwa wadda in ta ɗora tafin hannu a kan ciki za ta faɗa maka ko ɗa ya kwanta daidai ko a nufi asibiti tun da sauran lokaci. Da ta ji ido ya fara yi mata hazo, sai ta dogara sanda har zaurensa, ta roƙe shi ya bar ƙanwarsa da ta gama sakandare ta je birni ta koyo aikin, tunda yarinyar tana da sanyin hannu kuma ba ta tsoron jini. Ya ce ai maganar Iya dutse ce, amma wa zai taya su cirar gyaɗa? A bari sai baɗi. Baɗi ta zo, ya ce bana damina ba ta yi kyau ba. Ana nan ana nan har ƙanwar ta yi aure ta bar garin, tsohuwar kuma 'ya'yanta suka zo suka tafi da ita, don ko fuskar mutum ta daina ganewa.

Sai Allah ya ba matarsa ciki, bayan sun daɗe suna nema. Zo ka ga shiri. Ya tara itacen wankan jego har ya ɗara katanga, ya auno kanwa da geron kunu, ya ɗaure ragon suna yana ɗura masa dusa da harawa har ragon yana tafiya da ƙyar. Duk wanda ya leƙa gidan sai ya ce wannan jariri ya yi sa'ar uba. Naƙuda ta tashi da hantsi, tsakiyar damina, ɗa kuma ya taho ta ƙafa. Matan gida suka yi iya yinsu, aka sha rubutu, aka yi addu'a, abu ya ƙi. Ya ruga neman mota, ga rafi ya cika ya tare hanya. Kafin a isa asibiti yamma ta yi. Uwa ta tsira da ƙyar, ɗan kuwa ya koma. Ungozomar asibitin ta dube shi a hankali ta ce, "Malam, duk watannin nan ba wanda ya taɓa cikin nan ya ce ku zo da wuri?"

Itacen dai bai yi asara ba, don mai jego sai ta yi wankanta ko da ɗa ko babu. Kullum safe da yamma yana zaune a zaure yana jin ana watsa ruwan zafi da ganye, ba kukan jariri, sai kukan ragon da aka rasa sunan da za a yanka shi a kai. Wallahi abin da ban tausayi.

Na sani, rai na Allah ne, in kwana ya ƙare ba makawa. Amma wanda ya ba shi hankalin tara itace ai ya aiko masa da tsohuwa har zaure. Ƙofar gari a rani ɗaya ake gina ta, ɗana, ungozoma kuwa shekaru ake yi ana yin ta, kuma na ga matarka ma ta fara nauyi. Hausawa suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.