Masunci a Hoton Mai Jego

Tunda ka ce hannunka ya saba da tsohuwar kyamarar da kake da ita, bari in ba ka misalin wani mai hoto da aka yi a wani gari na bakin kogi. Shekara ashirin da 'yan kai yana rataye da kyamara ɗaya, irin mai fim ɗin nan, har igiyarta ta yi masa kanta a wuya. Ko ya rufe ido yatsunsa sun san inda za su taɓa. Da ta tsufa, sai ɗan hannun da ake ja don fim ya matsa gaba ya fara zamewa, wani lokaci ya ja, wani lokaci ya yi kamar ya ja. Mai gyara ya buɗe ta ya girgiza kai, ya ce kamfanin ma ya daina yin kayanta, ya miƙo masa ta wani kamfani daban. Mai hoto ya jujjuya ta, ya ji babu maɓalli ko ɗaya a inda ya san shi, sai ya ajiye. Ya ce shi da furfurarsa ba zai koma koyo a gaban jama'a ba.

Wata Alhamis wani dattijon masunci ya tare shi a bakin ruwa, ya ce shi bai taɓa ganin kansa a takarda ba. Mai hoto ya ɗauke shi tsaye cikin kwalekwale, dattijon yana dariya. Washegari kwalekwalen ya dawo gaɓa shi kaɗai. Aka kwana uku ana lalube, ruwa bai ba da gawa ba. Ana cikin zaman makokin 'yar masuncin ta haihu. Ranar suna ba a yi taro ba, ita dai ta roƙi a yi mata hoto ɗaya da jaririn, ta aika wa mijinta da ke ci-rani. Mai hoto ya je da hantsi, ya ja hannun kyamara kamar kullum, ya ɗauka.

Da ya zo wanke hoton, yana kallo siffa tana tasowa a kan takarda. Ga mai jego a bakin gado, ga jariri. Sai ga ruwa ya malale ɗakin har gwiwarta, ga kuma masuncin tsaye a bayanta, ana hango bango ta cikin ƙirjinsa. Mai hoto ya san abin da ya faru: fim bai matsa ba, hoto ya hau kan hoto. Ya faɗa wa kansa haka har sau uku. Amma ya tuna sarai mutumin dariya yake yi, a nan kuwa bakinsa a rufe yake, idonsa a kan jaririn. Mai hoto bai kai ga yaga takardar ba gwaggon mai jego ta yi sallama ta shigo karɓa. Ta duba, ta yi salati a hankali, ta fita da baya.

Kafin la'asar labari ya game gari cewa kyamararsa tana kiran matattu. Mai jego ta kasa sake kwana a ɗakin, aka ɗauke ta da jaririn zuwa dangin mijinta, nesa da ruwa. Shi kuwa mai hoto ya je ya sayo sabuwar kyamarar, ya zauna ya koye ta cikin kwana tara kacal. Sai dai in ya ratso kasuwa mata kan ja mayafi su rufe fuska, maza su juya ƙeya. Har ya bar garin, babu wanda ya ƙara tsayawa a gabansa.

Shi ya sa masu iya magana suka ce, sabo turken wawa.