Rumbun da Ya Fi Ƙwai Sumul

Kawu Ɗanjuma ne ya jawo maganar. Ya dawo daga birni da wani irin tayil mai ƙyalli, ka leƙa ka ga fuskarka a ciki, wai zai shimfiɗa wa Gwaggo Tasalla tun daga ƙofar ɗakinta har cikin banɗaki. Sai murna yake, yana cewa, "Yaya, taɓa ki ji! Ko ƙuda ya sauka a kai sai ya zame." Gwaggo ta shafa, ta sake shafawa, ta ce, "To ni da ƙafa biyu da sanda fa, Ɗanjuma? Ƙuda ai yana da fiffike." Ina gefe ina tsintar shinkafa, na sunkuyar da kai don kar a ga ina dariya. Ta ce masa ya zauna ta ba shi wani misali, ni kuwa na baza kunne.

Ta ce an yi wani magini a wani ƙauye, saurayi, Allah ya ba shi hannu. Shi dai a duniya ba abin da ya tsana kamar ya shafa abu ya ji kaushi. Tuwo in da gudaji ba zai ci ba, ƙotar fartanyarsa ma sai da ya goge ta har tana ɗaukar ido. Da ya tashi gina rumbun gidansu, sai ya ce yau za a ga aiki. Ya kwaɓa ƙasa ya cuɗe ta lukui, yana ɗora gini yana bi da wani ɗan dutsen rafi yana gogewa, ciki da waje. Tsohon da ya koya masa gini ya zo wucewa, ya shafa bayan rumbun ya ce madalla, ɓera kam ya shiga uku, ba inda zai kafa farce. Amma da ya hau tsani ya leƙa ciki sai ya ce, "Ina duwatsun takawa?" Don su magina sukan bar 'yan duwatsu a jikin bango ta ciki, sun ɗan turo kai, saboda mai shiga ɗibar hatsi ya samu abin takawa ya fito. Saurayin ya ce ai waɗannan kamar ƙuraje suke a fuskar amarya, shi ya cire su. Tsoho ya sauko abinsa, ya karkaɗe riga ya tafi. Rumbu kuwa ya yi kyau, kai, kamar ƙwai aka ajiye a tsakar gida! Har daga wasu ƙauyuka ake zuwa kallo, mata suna shafawa suna cewa ko fatar jariri albarka. Da kaka aka cika shi da gero har baki. Duk rani ba wanda ya ga aibunsa, don gero na sama, miƙa hannu kawai za ka yi.

Sai da damina ta yi nisa, gero ya koma can ƙasa, ɗan abin da ya rage shi ne abincin gidan kafin sabo ya nuna. Rannan kowa ya tafi gona, magini ya hau tsani, ya ɗage murfin jinka ya ajiye, ya riƙe bakin rumbu ya saki jiki, tim, ya dira ciki. Ya cika kwando, ya ɗaga kai zai fita, sai ya ga bakin can sama kamar bakin rijiya. Ya yi tsalle bai kamo ba. Ya kafa ƙafa a bango, suuu, ya dawo. Ya tofa yawu a hannu ya sake, suuu, ya dawo da gindi. Ya yi ihu, muryar ta zaga cikin rumbu ta dawo masa, ba mai amsawa sai kaji. Yana cikin haka sai ya ga ɗan hasken da ke samansa ya yi duhu, iska ta kaɗa, aka yi wata irin tsawa. Hadari ya haɗo, ga rumbu a buɗe, ga geron gida gaba ɗaya a ƙarƙashin ƙafarsa! Ai sai ya zaro wuƙar da yake yanke igiyar dami da ita, ya hau saran bangon nan da ya kwashe kwanaki yana gogewa, yana neman inda zai sa yatsan ƙafa. Ya sari nan, ya sari can. Bangon rumbu kuwa ba kauri gare shi ba, gurbi na uku yana taka shi sai ɓaras, gefe guda ya rufta, magini ya faɗo tsakar gida tare da ɓaraguzai. Daidai nan ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, ta sama yana shiga, ta gefe yana shiga. Kafin mutane su rugo daga gona gero ya sha ruwa ya ƙoshi, magini na zaune cikin caɓi da wuƙa a hannu.

Gwaggo ta tura wa Kawu tayil ɗin da bakin sandarta, ta ce santsi a bayan rumbu maganin ɓera ne, amma a inda ƙafar mutum za ta taka, a bar mata ɗan kaushin da za ta kama. Kawu ya juya tayil ɗin yana sosa ƙeya, ya ce to ko a bango za a manna shi. Gwaggo ta ce, "Manna shi can inda ƙuda ke sauka. Ni dai kar a yi mini irin ta magini, garin neman gira a rasa ido."