Mahaucin da Ya Cuci Sikeli

Tunda ka ce ajin da sikeli ya ba ka ya yi maka kaɗan, malam, gyara zama ka ji wani misali.

An yi wani mahauci ɗan dambe, gajere ne curarre, jikinsa ba kitse sai jijiya. Idan hannunsa na dama ya sha zare, ƙarti sai su fara tuna cewa an aike su. A fagen garinsu ba a tambayar nauyin kowa, miƙa hannu kake yi, wanda ya ji zai iya ya fito. Ya kayar da mutanen da sai ya yi ɗage yake kai wa haɓarsu, har mai kalangu ya laƙaba masa Giwa, shi kuma ya yarda da gaske. Ana nan sai labari ya zo cewa a birni ana wani faɗa a cikin kejin waya, inda ake haɗa naushi da shuri da kokawa, kuma ba ka shiga sai an auna ka an haɗa ka da daidai nauyinka. Ya saɓa zarensa ya tafi, makaɗinsa na biye. Da isarsa aka ce ya tuɓe riga ya hau sikeli a gwada. Ku ji rashin ta-ido, jama'a! Mutumin da ya tashi yana aza cinyar saniya a sikeli, yau shi za a aza? Bai gama haɗiye wannan ba, mai awo ya leƙa allura ya ce, "Maigida, ajin ƙanana." Ƙanana! A gaban makaɗinsa! To in ya koma gida me za a kaɗa masa, Giwa ta ture ɗan akuya?

Sai dai wa zai koya wa mahauci sikeli? Shi ya san jiƙaƙƙen nama ya fi busasshe danna allura. Ranar awon gaske ya tashi da ƙwaryar fura, ya bi ta da malmalar tuwo, ya ɗura ruwa har in ya taka sai cikinsa ya amsa kamar tulu a kan jaki. Ya ɗaura guru da layu a ƙugu, irin waɗanda dalma ta fi rubutu yawa a cikinsu, ya ce kayan gado ne, ba a cire su a gaban baƙi. Su kuwa masu awo duk idonsu na kan masu satar ragi, waɗanda ke yini ba ruwa suna tofar da yawu don su faɗo cikin ƙanana. Ba wanda ya taɓa zo musu da satar ƙari, don wane mai hankali ne zai yi sata ya sayi duka? Allura ta tsallaka, aka sa shi cikin manya. Ya sauko yana taku ɗai-ɗai, rabi don isa, rabi don kada tulun ya zube.

Kafin ranar faɗa, fura ta bi hanyarta, ruwa ya bi tasa. A ƙofar keji aka ce layu su tsaya a waje, zaren ma aka kwance aka miƙa masa wata 'yar safar hannu. Abokin karawarsa wani ɗan dako ne mai sauke buhunan siminti, wanda nauyinsa duk nasa ne, ba na aro ba. Mahauci ya zagaya, ya auna, ya saki hannun nan da ya tara masa suna, ya sauka daidai muƙamuƙi. Ƙaton ya girgiza kai kamar wanda ƙuda ya dama, ya rungume shi, ya ɗaga, ya shimfiɗe. To, a dambe da zarar ka taɓa ƙasa an gama, sai a raba ku kowa ya kaɗe wandonsa. Mahauci ya kwanta yana jiran a raba. Shiru. Ga alƙali nan tsaye ya zuba ido kamar kallo aka aiko shi! Ashe a keji ƙasa ce farkon magana. Ƙaton ya zauna masa a ƙirji, ya kama hannun daman nan ya fara lanƙwasawa. An gaya wa mahauci tun farko in ya ji wuya ya bubbuga ƙasa da tafin hannu a sake shi. Amma Giwa ta bubbuga ƙasa, makaɗi na kallo ta cikin waya? Ya cije. Gwiwar hannun ce ta amsa a madadinsa, ƙas!

Hannun da ke dambe kuwa shi ne hannun da ke riƙe wuƙa. Ya daɗe kwance a gidan mai ɗori yana kurɓar kunu da hagu, teburinsa na kasuwa har ƙudaje suka canza maƙwabci. Kambun ajin da ya raina, wani siriri ne ya ɗauke shi, wanda mahaucin ya taɓa kayarwa a garinsu tun kalangu bai ɗau zafi ba. Da ya samu sauƙi ya lallaɓa ya koma birni, ya ce to a ba shi ƙananan, ya haƙura. Ya hau sikeli ba fura ba laya. Mai awo ya leƙa allura, ya sake leƙawa, ya ce, "Maigida, ai yanzu ko su ba ka kai ba."

Don haka in sikeli ya nuna maka ɗakinka, shiga ka yi sarauta a ciki. Ba banza Bahaushe ya ce ba: garin neman ƙiba, an samo rama.